Kafin a Koma Makaranta

"Buɗe bakin, Ticha. Kunun nan ba shi yake roƙonka ba, ni nake roƙonka."

Baba Sadisu na durƙushe a bakin katifa da ludayi a hannu, ya tokare bayan Ticha Edward da gwiwa ɗaya don kada ya sulale. Ticha ya buɗe baki kaɗan ya karɓi rabin ludayi, sauran ya bi gefen haɓarsa ya sauka a singileti.

"Ya isa, Sadi."

"Bai isa ba. Ni da kake gani, shekarar kwalara ina kwance nake shanye kwano guda, ana fita da gawa ta damana, ana fita da ita ta haguna. Likita ya dube ni ya ce wannan ba zai kai magariba ba. Ina likitan yau? Da ni aka yi masa salla."

"Jiya nas ka ce."

"Da likitan da nas ɗin, duk na raka su."

Ticha ya so ya yi dariya, tari ya tare ta. Sadisu ya ajiye ludayin ya dinga shafa masa baya har tarin ya lafa. Ƙasusuwan duk sun fito, kamar mutum na shafa kwando.

Duk wanda ya daɗe a Fagge ya san Sadisu mai rake, in ma bai san fuskarsa ba ya ji muryarsa. Mutum ne da gobarar kasuwa ta cinye wa rumfa ya fito da wuƙarsa a hannu. Mota ta taɓa kwasarsa a Titin Ibrahim Taiwo ta yar, ya tashi ya karkaɗe riga ya tambayi direban ko bai ji ciwo ba. Sa'o'insa duk sun kwanta dama, shi kuwa ko haƙoransa ba su yarda sun tafi ba, har yau yana ɓantarar rake a gaban yara don su gani. Bai taɓa zama a aji ba. Amma in ana zancen Makarantar Sistoci ta Sabon Gari, sai ya bugi ƙirji ya ce babu wanda ya kai shi daɗewa a cikinta, ko da yake a bakin get ya yi duk shekarun, a bayan baron rakensa.

Ticha Edward ne ya sama masa wurin. Tun suna da ƙarfinsu suke haya a gida ɗaya, ƙofa na kallon ƙofa, a wani lungu bayan 'yan atamfa. Ticha mutumin kudancin Kaduna ne. An kawo shi Kano yana ƙarami, ya yi karatu a makarantar tun tana rumfar kwano, ya dawo ya koyar da waƙa da fareti a cikinta har ƙafafunsa suka ce sun gaji. Matarsa ta rasu da daɗewa. 'Yarsa ɗaya, Jemima, tana aikin jinya a Kaduna. Da asibiti suka ce a mai da shi gida a ci gaba da addu'a, kowa ya gane abin da ake nufi, ban da Sadisu, wanda ya ce likitocin yanzu ragwaye ne.

"Yaushe za a koma?" Ticha ya tambaya, idonsa a rufe.

"Ina?"

"Makaranta."

"Da saura, dogon hutu ne ai. Me za ka yi da makaranta, kai da ko bayi sai an riƙe ka?"

Ruwan sama na ɗiga daga indararo cikin bokitin da Yakaka, matar Sadisu, ta tara a tsakar gida.

"Ina so a yi mini layi," in ji Ticha.

Sadisu ya san abin da ake kira layi. Al'ada ce da makarantar ta gada tun daga Sistocin farko, Turawan da suka kafa ta. Duk wanda ya yi mata hidima, in ya mutu, kafin a kai shi makwancinsa sai an shigo da akwatinsa fili. Yara su jeru sahu biyu, aji bayan aji, daga 'yan nazare har 'yan ƙaramar sakandare, tun daga bakin get har gindin ɗan kogon dutsen da aka ajiye siffar Maryamu. Motar ta bi ta tsakiyarsu a hankali suna rera waƙar sallama. 'Ya'yan Musulmi ma sukan tsaya a sahun, mai rerawa ya rera, wanda ba zai rera ba ya goya hannu a baya ya yi shiru. Ticha ne yake ɗaga waƙar. Shi ya ɗaga wa tsohuwar Sistar da ta ƙi komawa ƙasarsu, shi ya ɗaga wa mai dafa abinci, da wani ɗan aji huɗu da zazzaɓi ya ɗauke. Duk Sadisu ya gani ta tsakanin ƙarafan get, yakan rufe rakensa da buhu har a gama.

"Na yi wa mutane da yawa," Ticha ya ce. "Ba zan ji tawa ba, na sani. Amma ina so a yi."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Wa ya ce maka mutuwa za ka yi?"

"Sadi."

Da muryar da yake tsayar da yara a fareti ya kira shi. Sadisu ya sunkuyar da kai.

"To ai hutu ake yi," ya ce. "Babu kowa a filin sai ƙadangaru."

"Shi ya sa nake tambayarka yaushe za a koma."

Sadisu ya gyara zama ya ɗauki ludayin. "To ji nan. Za ka kai. Ni Sadisu na ce za ka kai, ka kuwa san maganata ba ta taɓa faɗuwa ƙasa ba. Mutuwa ta san ni, na san ta, mun sha haɗuwa a hanya tana ba ni wuri. In ta zo ƙofar nan, ni za ta fara tararwa."

"Kada ka gaya wa Jemima. Za ta ce na fid da rai."

"Buɗe bakin, na ce."

Daga ranar Sadisu ya ɗaura ɗamarar kai maƙwabcinsa ranar komawa makaranta, kamar mai tura baro a hawa. Babu abin da bai kawo ba. Farfesun kayan ciki, zuma daga hannun wani Bafulatani da ya rantse masa ba ta ga sukari ba, ruwan zogale mai ɗacin da ko akuya sai ta yi tunani. Yakaka ta ce, "Malam, mutumin nan hutawa yake so, ba ɗura ba." Ya ce ita me ta sani, ita da ciwon kai ke kwantar da ita.

Kullum da hantsi yakan taka har Sabon Gari ya dawo da labari, don ya lura labarin ya fi farfesun shiga.

"An fara fentin katanga. Teloli duk sun cika da yadin yunifom. 'Yan littattafai sun baza kaya a kasuwa har kan hanya. Na ga wata tana gwada wa ɗanta sandal, takalmin ya fi ƙafar da yatsa biyu."

"Haka suke yi," in ji Ticha. "Sai zango na uku yake zama daidai, lokacin kuma ya tsinke."

Wani lokaci zancen da suke komawa. Sadisu ya ce da idonsa ya ga ranar da aka zuba harsashin benen makarantar. Ticha ya ce ƙarya yake, lokacin yana ƙauyensu yana bin awaki. Ticha ya tuna shekarun da Sabon Gari ta watse, azuzuwa suka koma babu kowa sai kujeru, Sista ɗaya tana koyar da 'yan yaran da suka rage a gindin darbejiya. Ya tuna lokacin da gwamnati ta karɓe makarantar aka sauke allon suna, da lokacin da coci ta sake buɗe tata a filin da ya rage mata, aka faro daga aji ɗaya kamar ba a taɓa yi ba. Daga baya 'yan kasuwar Kwari suka fara kawo 'ya'yansu, don an ce yaran nan Turanci a bakinsu kamar ruwa, har aka ɗauki malamin addinin Musulunci aka ba shi ɗaki nasa.

"Rabin alhazan Kwari da rakena suka yi haƙori," in ji Sadisu. "Ni na raine su. Kai ban da hagu dama, hagu dama, me ka ba su?"

"Kai kake ɓata musu yunifom da ruwan rake, ni ake kira ofis."

Ya kusa kai Ticha ranar komawa. Wannan ko maƙiyin Sadisu ya shaida. Satin ƙarshe na hutu ya kama Ticha yana numfashi. Jemima ta iso ranar Talata, ta dubi mahaifinta da idon ma'aikaciyar jinya, ta fita ta kira Fada Kenechukwu, limamin cocin da ke kula da makarantar. Ya zo da ɗan kwalbar mai ya shafa wa Ticha a goshi da tafin hannu. Sadisu ya fita tsakar gida ya ba su wuri, yana gunaguni wai mutanen nan sun cika gaggawa.

Ranar Laraba bayan la'asar yana zaune a bakin katifar, Jemima na riƙe da hannun uban.

"Litinin ce fa, Ticha, ga ta nan ana hango ta. Wannan har wani nisa ne? Ni shekarar ambaliya a kan tsamiya na yini na kwana, ruwa har wuya a ƙasa, ga maciji ya biyo ni reshen. Na dube shi, ya dube ni. Na ce masa, malam, ɗayanmu zai sauka, ni kuwa ban iya ruwa ba—"

"Baba."

"Sai ya ɗaga kai haka—"

"Baba Sadisu, ya isa. Ya tafi."

Sadisu ya dubi fuskar. Bakin a ɗan buɗe yake, kamar mai shirin musa masa.

"Ban gama ba," ya ce.

Yakaka ce ta fara salati daga bakin ƙofa, sannan shi ma ya tuna ya yi.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: an kasa. Ticha ya mutu cikin hutu. A duniyar da Sadisu ya tashi a ciki, wanda ya cika da la'asar kafin magariba yana ƙasa, don haka zancen layi ya mutu tare da mai shi.

'Yan coci suka kawo mota aka ɗauki gawar zuwa mutuware, ɗakin ajiye gawa na asibiti. Sadisu ya ce sai ya bi. Bai taɓa shiga irin wurin ba. Sanyi ya doke shi tun daga ƙofa, ga warin magani mai hawa kai. Ya ga an ɗaura wa Ticha 'yar takarda a babban yatsan ƙafa, an jawo wata durowar ƙarfe an shimfiɗa shi.

"Ɗan samari, babu bargo?" ya tambayi ma'aikacin. "Mutumin nan ba ya son sanyi."

Ma'aikacin ya dube shi, ya dubi Jemima, ya tura durowar.

Washegari da hantsi gidan ya cika. Matan coci na zaune a tsakar gida suna waƙa ƙasa-ƙasa, mazan layin na kan tabarmi a ƙofar gida. Wayar Jemima ta yi ƙara. Ƙanin mahaifinta ne, wanda yanzu shi ne babba a gidansu can ƙauye. Ta saurara, ta fito har inda maza suke, ta durƙusa a gaban Sadisu da wayar a ƙirji.

"Baba, Baba Ƙarami ne. Suna cewa ko a bar shi sai ƙarshen wata, in an gama shiri. Kai ne babba a nan, kai ka yi jinyarsa. Me ka gani?"

Duk ido ya dawo kansa. Sadisu ya gyara hula.

"Ƙarshen wata? A cikin durowar nan? Jemima, mutum ne fa, ba kifi ba. Da idona na ga wurin. Na binne uwa, na binne uba, na binne 'ya'yan cikina, ban taɓa barin nawa ya kwana a waje ba. Gatan mamaci ƙasa. In kuna ƙaunarsa ku gaggauta masa ya huta."

"Gaskiya ne, Baba," mazan layin suka ce. Har wata tsohuwa cikin matan coci ta gyaɗa kai daga zaure. Sadisu ya ga maganarsa ta zauna daram, ya ɗan ji sanyi a ransa karo na farko tun jiya.

Jemima ta mai da wayar kunne. "Baba Ƙarami, Asabar ɗin nan. Ku fara haƙa."

Da yamma Fada Kenechukwu ya zo gaisuwa, bakin farar rigarsa duk taɓo. Ya daɗe a Kano, Hausarsa ta 'yan Sabon Gari ce, tana tafiya tana ɗingishi amma tana isa.

"Baba mai rake, sannu da haƙuri." Ya zauna a benci ya juya ga Jemima. "Na gaya wa shugabar makaranta. Litinin yara za su dawo, sai mu yi masa layi da safe, daga nan ku wuce gida da shi. Tunda yana ajiye a asibiti, babu matsala."

Sai a lokacin Sadisu ya farga. Ashe mamaci na iya jira. Shekara da shekaru yana zaune da Kirista, ya sha ganin ana ajiye gawa sati da sati, har tsiya yake yi wa Ticha a kai. Amma da abin ya zo kan nasa bai tuna ba. Durowar da ya zaga a gaban jama'a ita ce za ta kai Ticha Litinin, abin da farfesu da zuma suka kasa.

"Fada, Asabar za mu tafi," in ji Jemima. "An riga an tsayar."

"A ɗaga," Sadisu ya ce. Muryarsa ta fito siririya, kamar ba tasa ba. "Jemima, a ɗaga zuwa Litinin. Shi ya roƙa. Layin nan shi yake jira, shi ya sa ya kai har jiya."

Ta dube shi. Sannan ta tashi ta shiga zaure da wayar. Suna jin muryarta tana hawa tana sauka cikin yarensu, har ta koma roƙo. Da ta dawo ba ta zauna a kujera ba, a dokin ƙofar ɗakin uban ta zauna.

"An gama haƙa tun azahar, sun rufe da kwano saboda ruwa. Ya ce a wurinmu ba a barin kabari ya daɗe da baki a buɗe, wani yake kira. An gaya wa Fadan can. 'Yan Jos da na Abuja sun fara shiri." Ta share fuska da gefen zani. "Me ya sa bai gaya mini ba?"

"Ya ce za ki ce ya fid da rai."

Sadisu ya jira ta ce kai ka ce a gaggauta. Ya so ma ta faɗa. Ba ta faɗa ba.

Fada ya ce zai buɗe get ranar Asabar da sassafe, motar ta biya ta makaranta kafin ta kama hanya, zai kuma tura saƙo a wayoyin iyaye, wanda ke gari ya kawo ɗansa.

"Bar wayarka, Fada," in ji Sadisu. Ya miƙe, muryarsa ta dawo. "Yaran nan ni suka sani. Kai dai ka buɗe get. In ban cika maka filin nan ba, ka canja mini suna."

Ranar Juma'a tun da safe ya kama hanya. A Sabon Gari ya bi layi-layi, gida-gida, duk inda ya taɓa ganin yaro mai yunifom ya shiga. Kwaɗo ne a yawancin ƙofofin. "Sun tafi gida tun Agusta, Baba, sai Lahadi motarsu za ta iso." Haka aka yi ta gaya masa, har ya fara ba kansa amsar kafin a buɗe baki. Wata mai sai da kayan miya, uwar wani yaro Chimezie, ta ajiye abin da take yi ta dafe kai da ta ji Ticha ne, ta ce za ta kawo nata ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya.

Bayan an sauko daga masallaci ya shiga Fagge, inda yake ganin nan ne gidansa. Nan ba a rufe masa ƙofa ba. An shimfiɗa masa tabarma, an kawo masa ruwa, an yi masa ta'aziyya kamar ɗan'uwansa ne ya rasu. Da ya faɗi abin da ya kawo shi sai a ce, "To, Baba, Allah ya kai mu." Wani ya ce yunifom ɗin na wurin tela, amma to. Wani ya ce Asabar akwai Islamiyya, amma za a duba. Wani ya shafa gemu, ya ce zai tambayi malaminsa ko ya halatta, sannan ya ce to.

Ya dawo gida rana ta kusa faɗuwa, taɓo har gwiwa, ƙafafu sun kumbura. Ya tsaya a ƙofar ɗakin Ticha ya ce wa Jemima an gama, gobe sai an rasa wurin tsayawa. Yakaka ta kawo ruwan zafi a baho ta ajiye a gabansa.

"Malam, 'to' ɗin Bakano kake tarawa a buhu? Kai ma sau nawa ka ce wa mutum to ba ka je ba?"

"Ni ban taɓa ba."

Ta kama ƙafarsa ta tsoma a ruwan.

Ranar Asabar gari ya waye da sauran yayyafi. Sadisu ya riga kowa isa, cikin babbar rigarsa ta salla. Mai gadi ya buɗe get duka biyun. Filin ya sha ruwa ya yi laushi, sabon fentin katanga yana ƙyalli. Sadisu ya tsaya a bakin titi yana duba gabas yana duba yamma. Duk adaidaita sahun da ta rage gudu sai ya taka ya tare ta, ta wuce.

Chimezie ya zo da ƙannensa biyu, uwarsu na biye da lema. Alhaji Salmanu, wani ɗan atamfa da Ticha ya koya wa fareti yana yaro, ya sauko daga mota da jikarsa Ni'ima, hijabinta a kan yunifom ɗin bara da ya ɗage mata. 'Yar mai gadi ta fito. Wasu 'yan biyu suka zo da silifas, don sandal ɗinsu sai gobe za a saya. Shi ke nan. Duk cikarsu ba su cika benci ɗaya ba.

Motar cocin ta iso da akwatin a baya, Jemima a gaba kusa da direba. Direban ya leƙo ya ce wa Fada hanya da nisa, kuma ba hanyar da ake so dare ya yi wa mutum ba ce.

"A ɗan jira," in ji Sadisu. "Suna hanya. Yaran Fagge ba sa fitowa da wuri."

Aka ɗan jira. Yayyafin ya tsaya. Wani mai shayi ya wuce da tukunyarsa.

"Baba," Fada ya ce a hankali, "mu yi da waɗanda Allah ya kawo."

Sadisu ya dubi yaran sun cure wuri ɗaya a bakin get, ya dubi kogon dutsen can ƙarshen fili. Layi daga get yake farawa, a kogo yake ƙarewa, haka ya gani duk shekarun nan. Sai ya tattare rigarsa ya shiga filin. Ya kama hannun yaran ɗaya bayan ɗaya yana kai su. Ya tsayar da ɗaya a get, ya yi tafiya ya tsayar da ɗaya, ya tsallaka ɗaya gefen ya tsayar da wani, har ya kai Ni'ima gindin kogon. Inda tazarar ta yi yawa a tsakiya, ya tsaya da kansa, ya goya hannu a baya.

Fada ya ɗaga waƙar. Ba shi da murya, ya ɗauko ta sama da yawa. Motar ta shigo a hankali. Yaran suka kama, amma sun yi wa juna nisa, babu mai jin na kusa da shi. Na bakin get na gaba, na tsakiya na baya, ƙaramin cikin 'yan biyu ya tsorata da jin muryarsa ita kaɗai ya yi shiru. Baitin farko suka rera, suka sake rera shi, don mai tuna musu na biyu shi ne a cikin akwatin. Alhaji Salmanu na tsaye a jikin katanga, bai rera ba, amma leɓensa na motsi.

Motar ta wuce ta gaban Sadisu, kusa har ya iya taɓa ta. Ta gilashin ya ga akwatin, an ɗora masa farin ƙyalle. Bai sauke hannunsa daga baya ba.

A gindin kogon motar ta tsaya, Fada ya yi addu'a ya yayyafa ruwa. Wajen juyawa tayoyin suka nutse a taɓo, sai da mai gadi da Alhaji Salmanu suka tura. Da ta zo fita Jemima ta sauke gilashi.

"Baba, an yi masa ai. An yi."

Sadisu ya ɗaga mata hannu. Motar ta hau titi ta shige cikin adaidaita sahu.

Ranar Litinin ya turo baronsa kamar kullum. Titin ya toshe tun daga kwana. Yara ta ko'ina, sababbin yunifom masu karin guga, jakunkuna sun fi masu su girma, 'yan nazare na kuka ana ɓamɓare su daga zanin iyaye. "Baba mai rake, mun dawo." "Baba, ka ga sabon takalmina?" Yana amsawa da ka. Iyayen da suka ce masa to suna sauke 'ya'yansu, suna gaishe shi daga nesa.

Bayan an kaɗa ƙararrawa Fada ya sa aka jera su sahu biyu, aji bayan aji, kafaɗa na gugar kafaɗa, daga get har kogo, har sahun ya lanƙwasa don wuri ya kasa. Ya gaya musu Ticha Edward ya rasu, an binne shi a garinsu shekaranjiya. Wata malama ta ɗaga waƙar daidai inda Ticha yake ɗaga ta. Duk filin ya ɗauka lokaci ɗaya. Waƙar ta tsallake katanga ta cika titi, har masu adaidaita suka rage gudu suna leƙe. Baiti na biyu ya zo, na uku ya zo, babu wanda ya yi tuntuɓe.

Sadisu ya ja buhu ya rufe raken, ya matsa ya kama ƙarfen get.

Tsakanin sahun biyu babu komai sai sawun tayoyin ranar Asabar, sun yi zurfi, gefensu ya fara bushewa, ruwa na kwance a cikinsu. Wata 'yar nazare, sabuwar zuwa, ta zame daga hannun malamarsu ta fito tsakiya. Ta tsuguna a bakin sawun, ta ɗora ganyen darbejiya a kan ruwan, tana tura shi da yatsa.